Aikin gasket da sil a tsohuwar Golf ɗina

Motata Golf 3 ce mai injin 1.8 da bawul takwas, irin waɗanda suka cika tashar Unguwa Uku suna lodin Zariya da Kaduna. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da wannan ƙirar ne a 1991, don haka duk wadda ka gani a titi yau ta sha miya. Ƙarfen injin ba ya saurin gajiya, amma roba da takardar da aka cusa tsakanin ƙarafunan don tare mai da ruwa, wato sil da gasket, suna da wa'adinsu, zafin Kano kuma yana gajarta shi. A watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, tawa ta fara shan ruwa. Da safe in cika kwalbar ruwa, kafin la'asar ya sauka ƙasa da layi, kuma ba ɗigo ko ɗaya a inda nake ajiye ta. Daga nan sai farin hayaƙi ta salansa idan an tashe ta da asuba, da ɗan karkarwa na minti ɗaya ko biyu kafin ta daidaita.

Bakanikena yana da gareji a wajen Kurna, dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin Bitil da Fijo. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama kallo. Ya sa yaro ya tashi motar tana sanyi, ya buɗe murfin kwalbar ruwa, muka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da murfin, bayan ɗan lokaci ya matsa babban tiyon lagireto na sama, ya ce in taɓa. Ya yi tauri ƙwarai alhali ruwan ko ɗumi bai gama yi ba, wato iskar da ke ƙonewa a silinda ce ke kutsawa cikin hanyar ruwa. Ya zaro sandar auna bakin mai, man ya koma kalar shayi mai madara. Da ya kwance fulogi huɗun, uku sun yi baƙi-baƙi yadda aka saba, na silinda ta uku kuwa fes, tururi ya wanke shi.

Ya ce, "Malam, tof gasket ne. Amma ka sani, gasket ba ya ƙonewa haka kawai. In ba mu gano abin da ya dafa shi ba, sabon ma haka zai bi."

Tof gasket shi ne wanda ke tsakanin kan silinda da gangar injin. Wannan maganar tasa ce ta sa na yanke shawarar zama a garejin har a gama, na ɗauki hutu a wurin aiki. Ba rashin yarda ba ne. So nake in ga abin da ake biyan kuɗinsa, don aikin gasket yana daga cikin ayyukan da idan an rufe injin, mai kyau da maras kyau duk kamanninsu ɗaya, sai bayan wata biyu ko uku gaskiya ta fito.

Kwancewa ba ta da wani labari mai yawa. Aka cire kan batir, aka zubar da ruwa da mai, aka kwance wayoyi da tiyoyi. Kafin a sauke taimin bel, Oga ya juya injin da hannu har alamar da ke jikin fulayin kamshaf ta zo daidai, ya leƙa ta ƙaramar kafar da ke saman giya ya tabbatar da alamar filawil, sannan ya ɗiga farin fenti a wurare uku. Injin nan yana da wani shaf na tsakiya da ke juya distiributa da famfon mai, kuma da zarar bel ya sauka yana iya juyawa ba wanda ya lura, shi ya sa ya yi masa tasa alamar. Kusoshin kan silinda guda 10 ne. Ya hana yaron ya kwance su yadda ya ga dama, ya ce daga gefe ake farawa a nufi tsakiya, kaɗan-kaɗan, kuma sai injin ya huce sarai. Kan silindar na alminiyom ne, gangar injin kuwa baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Idan aka saki kusoshi da zafi ko a hargitse, kan yana iya lanƙwashewa ko da a da lafiyarsa ƙalau.

Da aka ɗaga kan, muka ga inda abin ya faru. Zoben ƙarfen da ke kewaye da silinda ta uku ya cinye ta gefe ɗaya, daidai kusa da wata kafar ruwa, saman fistin ɗin kuma ya yi tas, sauran ukun na ɗauke da baƙin gawayi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kafofin ruwan kansu. Bakin wasunsu ya zaizaye, ga tsatsa ja da farin dutse-dutse a ciki. Oga ya ce aikin ruwan burtsatse ne da na leda da ake ɗura wa mota shekara da shekaru ba tare da maganin lagireto ba. Mutanenmu na ganin wannan maganin, wato kulan, na ƙasashen sanyi ne, tunda mu ba ƙanƙara muke yi ba. Amma rabin aikinsa hana tsatsa ne da hana alminiyom cinyewa.

Aka ci gaba da neman mafarin zafin, aka kuwa samu har biyu. Akwai wani bututun roba mai tauri da ke manne a gefen kan silinda, inda tiyoyin ruwa ke haɗuwa, duk mai Golf ya san shi. Ya tsage ta ƙasa, ruwa na tsiyaya kan ƙarfe mai zafi yana bushewa kafin ya kai ƙasa. Na biyu kuma, makunnin fanka da ke jikin lagireto ya mutu. A kan buɗaɗɗiyar hanya iska na wadatar da ita, amma a cunkoson Kurna ko na Kantin Kwari, mota na tsaye injin na aiki, ba abin da ke sanyaya ruwan. Da aka buɗe gidan tamostat kuma, abin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, wayam. Wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna.

Washegari muka ɗauki kan silindar a Adaidaita zuwa wurin masu fesin, wato masu shafe fuskar ƙarfe da inji. Mai injin ya wanke fuskar, ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kanta, a tsaye da a karkace, yana cusa siraran ma'aunai a ƙarƙashi. Ƙa'idar wannan injin ita ce kada lanƙwasar ta wuce milimita 0.1, namu ya wuce a tsakiya. Kafin ya ɗora a inji sai da ya auna kaurin kan gaba ɗaya, domin akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita, milimita 132.6. Kan da aka yi ta shafewa har ya wuce nan, matsin silinda yana ƙaruwa, bawul na matsowa kusa da fistin, taimin ma yana ɗan gocewa. Namu ba a taɓa taɓa shi ba, akwai sauran nama. Ya ɗebe ɗan kaɗan, fuskar ta fito sumul. Ya kuma duba tsakanin kujerun bawul ko akwai tsaga mai zurfi, babu.

Tunda kan yana ƙasa, Oga ya ce asara ce a mayar da shi da tsofaffin sil ɗin bawul. Ƙananan robobi ne guda takwas da ke zaune a saman hanyar kowane bawul, su ke hana bakin mai gangarawa cikin silinda. Idan sun bushe, za ka ga mota na fitar da shuɗin hayaƙi da safe ko bayan ta daɗe a tsaye a danja. Namu da aka zaro su, wasu farfashewa suka yi a bakin filaya.

Sayen kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa shi ne inda mutum ke buƙatar ido. Na tafi da tsohon gasket ɗin a hannu da lambar injin a rubuce, domin Golf 3 ba injin ɗaya gare ta ba, akwai 1.4 da 1.6 da 1.8 da 2.0, ga kuma na dizal, kuma wasu gasket ɗin sai ka ɗora su a kan juna za ka ga kafofinsu sun bambanta. Mai shagon bai ɓoye min komai ba. Ya zube min kala uku a kan kanta, ya ce, "Alhaji, wannan na 'yan sayar da mota ne, wannan na 'yan haya, wannan kuma na mai riƙe motarsa." Na farkon, kana lanƙwasa shi kaɗan za ka ji laushinsa, zoben ƙarfen siriri ne, wasu kafofin ma ba su fita da kyau ba. Na ukun yana da nauyi, an zagaye kafofin mai da ruwa da siririn layin roba, an kuma buga OBEN da TOP a fuskar da ke kallon sama. Kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Araha ba ta ado, balle a wurin da kuɗin aiki ya fi kuɗin kaya. Na haɗa da gasket ɗin murfin sama, na manifol, sil ɗin kamshaf da na shaf ɗin tsakiya da na gaban kiranshaf, sabon bututun gefe da zobensa na roba, tamostat, makunnin fanka, taimin bel da tenshina.

Sababbin kusoshin kan silinda ne suka ba ni wahalar samu. Yawancin masu shago mamaki suke yi, wai ai kowa da tsofaffin yake mayarwa. Haka ne, ana yi, kuma sau da yawa ana tsira. Sai dai waɗannan kusoshin an ƙera su ne don su ɗan miƙe idan an ɗaure su, wannan miƙewar ce ke riƙe kan da ƙarfi iri ɗaya ko injin ya yi zafi ko ya huce. Wanda ya riga ya miƙe sau ɗaya ba ya komawa yadda yake. A ƙarshe a Sabon Gari na samo saiti.

Ranar haɗawa, abin da ya ci mafi yawan lokaci shi ne wanki, kuma a nan ne na ga bambancin gareji da gareji. Oga ya cusa tsummoki a cikin silindoji da kafofin mai, ya zauna da kansa yana kankare ragowar tsohon gasket daga fuskar gangar injin da faffaɗar reza, a kwance, ba ya yarda bakinta ya ci ƙarfen. Wani yaro ya kawo samfefa mai kaushi, ya kore shi. Ya ce yashin da ke zubowa daga jikinta in ya shiga hanyar mai, metal ɗin kiranshaf zai je ya cinye. Bayan nan ya bi ramukan kusoshi goma ɗaya bayan ɗaya. Ya yanka tsaga a jikin wata tsohuwar kusa, yana ɗaura ta yana kwancewa tana fito da datti, sannan ya busa iska ya tsane su da tsumma a kan waya. Dalilinsa shi ne, lokacin ɗaga kai ruwa da mai suna gangarawa cikin ramukan. Idan ka ɗaura kusa a kan ruwa, ruwa ba ya matsuwa. Ko dai sifana ta nuna maka ta ɗauru alhali ba ta kai ba, ko kuma gangar injin ta tsage daga ciki.

Lokacin iska ne, ƙura na tashi daga titi, don haka da ya gama goge fuskokin biyu da fetur sai ya lulluɓe su da leda. Bai fasa ledar sabon gasket ɗin ba sai da komai ya kammala.

Nan ne muka yi 'yar muhawara, ba da ni ba, da wani direban haya da ke jiran a duba masa birki. Da ya ga za a ɗora gasket a bushe, sai ya ce, "Oga, ba za ka shafa masa gam ba? Ni duk wanda ya yi min, sai ya shafa." Oga ya ce masa, "To shi ya sa kake cewa duk wanda ya yi maka." Aka yi dariya. Ni dai ina tare da Oga a wannan. Gam yana da wurinsa, amma ba a fuskar kan silinda ba. Gasket ɗin yana zuwa da nasa shafin daga kamfani, kuma wutar da ke cikin silinda ba abin da gam zai iya tarewa ba ne. Abin da yake yi shi ne ya hana ƙarfe zama daram a kan ƙarfe, rarar da ta matso kuma ta gutsure ta bi ruwa ta toshe lagireto, ko ta bi mai ta toshe rariyar famfo. Yawanci inda ka ga an lafta gam, an gudu ne daga wanki ko daga kuɗin fesin.

Ya ɗauki tsofaffin kusoshi biyu da ya yanke wa kai, ya ɗaura su da hannu a ramukan baya na gefe da gefe. Su suka riƙe gasket ɗin a wurinsa, rubutun na kallon sama, kuma a kansu aka zura kan silindar ya sauka tsaye ba tare da an ja shi a kan gasket ba. Tun kafin nan ya ɗan juya kiranshaf baya don kada wani fistin ya kasance a can sama ya haɗu da bawul. Aka sa sababbin kusoshi takwas da hannu, aka zare na jagoran biyu, aka cike gurbinsu.

Sifana mai ma'auni ba kowane gareji ke da ita ba a garin nan. Da yawa da dogon bututu suke ɗaurewa, ma'auninsu shi ne ƙarfin damtsen wanda ke ja. Oga yana da tasa a cikin akwati, nannaɗe da tsumma. Ɗaurin hawa huɗu ne, kuma kowane hawa daga kusoshin tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa gaba da baya ana faɗaɗawa har a kai gefe. Zagayen farko a kan 40, na biyu a kan 60, a ma'aunin Nm. Daga nan aka ajiye ma'auni, ya ɗiga fenti a kan kowace kusa ta gefen da ke kallon gaba, ya ja kowacce kwatan zagaye, digiri 90, ya sake bin su duka da wani kwatan. Da aka gama, ɗigon fenti goma duk suna kallon baya. Amfanin fentin ke nan, ko an kira ka a waya a tsakiyar aiki, kana dawowa za ka san wadda ka ja da wadda ba ka ja ba. Kwatan ƙarshen nan yana da nauyi, kana jin ƙarfen na ƙara, kuma ya ce a ja shi a tafi ɗaya, ba a fizga ba.

Sil ɗin shaf ba su da wuyar sawa, saurin lalacewa gare su a hannun mai gaggawa. Na kamshaf da na shaf ɗin tsakiya girmansu ɗaya. Kafin ya sa kowanne, yakan bi wurin da leɓen tsohon ya zauna da farce. A kan kiranshaf ya ji ɗan kwari da tsohon sil ya ci a tsawon shekaru, sai ya zaunar da sabon ɗan nesa kaɗan da wannan layin don leɓen ya samu lafiyayyen wuri. Yakan shafa wa leɓen bakin mai, ya naɗe bakin shaf ɗin da siririyar leda don kada kaifinsa ya yanke robar ko ya ture ƙaramin sifirin da ke ciki, ya juya ɓangaren sifirin ya kalli cikin injin, sannan ya ɗora soket mai faɗin sil ɗin ya riƙa bugawa a hankali har ya shige daidai ta kowane gefe. Sil ɗin da ya shiga a karkace zai yi yoyo tun ranar farko, a wannan wurin kuma kan taimin bel yake zubarwa, mai kuwa yana cin bel.

A murfin sama ne kaɗai na ga ya buɗe gam, ya ɗiga ɗan mitsitsi a kusurwoyin da gasket ke hawa kan gidan kamshaf. Notocin murfin kuma a kan Nm 10 kacal ake ɗaure su. Yaran gareji suna son danne su har sai sun ji sun tsaya, murfin kuwa falle ne, yana lotsawa a kusa da kowane noti, sai mai ya riƙa fita ta tsakani. Rabin Golf ɗin da ke yawo da injin jiƙe da mai, daga nan ne.

Aka mayar da bel a kan alamominsa, ya ja tenshina har bel ɗin ya zama da ƙyar yake murɗuwa kwatan zagaye tsakanin yatsa biyu. Ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, alamomi suka dawo inda suke, ba abin da ya tokare.

A kan tamostat, rewayan da ke maƙwabtaka da garejin ya ba da shawarar da kowa ke bayarwa, a bar shi a cire, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Na ƙi. Injin nan an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ɗin yana fara buɗewa a wajen 87. Idan babu shi, da safe da lokacin hunturu injin yana daɗewa bai ɗumama ba, yana shan fetur fiye da kima, silinda na saurin cinyewa. Fankar da ba ta hutawa kuma ita ma mutuwa take yi, ranar da ta mutu ba wanda zai sani sai allura ta haura. Aka sa sabon makunni, aka wanke lagireto har ruwan ya fito fari, aka zuba kulan rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Na sauya murfin kwalbar ma, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Da aka zuba sabon mai da sabuwar filta, ba a tashe ta nan take ba, an ba ta kamar rabin awa don tafet ɗinta masu aiki da mai su zauna. Ta tashi a bugu na biyu, da ƙarar tafet na ɗan lokaci, da hayaƙin man da ya zuba a jikin manifol yana ƙonewa. Aka bar ta a tsaye, hita a buɗe, ana matsa tiyoyi iska na fita, ana ƙara ruwa. Muka tsaya muna kallon allura har ta kai tsakiya, tiyon ƙasa ya yi zafi alamar tamostat ya buɗe, can sai fanka ta kama da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Sai a nan Oga ya je ya wanke hannu.

Ya ce in bi ta a hankali na ɗan lokaci, in riƙa duba ruwa kowace safiya kafin a tashe ta, in kuma dawo bayan mako biyu a sake juye mai, saboda ragowar ruwan da ya gauraya da tsohon ba ya fita duka a juyi ɗaya. Waɗannan kusoshin ba a sake ɗaure su bayan an yi tafiya, saɓanin na Fijo 504 da ya ce a da sai an koma musu. A kwana biyun farko ruwan ya ɗan sauka, iskar da ta rage ce ke fita, daga nan ya tsaya cak. Na kai ta Wudil na dawo da tsakar rana, allura ba ta wuce tsakiya ba.

Saura ɗigo ɗaya da ke fitowa ta tsakanin injin da giya. Sil ɗin bayan kiranshaf ne, kuma ba a kai gare shi sai an sauke giya gaba ɗaya. Kulocin motar ya fara kamawa a can sama, ba zai wuce bana ba, don haka muka bar su a yi su rana ɗaya.